Na sa sabon batir amma sitata sai ƙas-ƙas take yi, ina matsalar take?

Ɗan Rigasa:
Salam jama'a, don Allah masana mashin ku taimaka min. Mashin ɗina roba-roba ne 110, da shi nake zuwa aiki Kakuri. Kwanakin baya sitata ta fara nauyi da safe, na je Panteka na sayo sabon batir aka ɗaura ya dawo yana tashi dannawa ɗaya, to yanzu kuma abin ya dawo, in na danna sai ƙas-ƙas kawai nake ji, fitilar firi ta dusashe, amma in na buga kik yana tashi lafiya lau. Wani makaniki ya ce wai sitatar ce ta mutu in canza ta gaba ɗaya, ni kuma wlh kuɗin ba wasa ba ne a wannan yanayin. Ko batirin ne jabu?

Rewaya T/Wada:
Wslm ɗan'uwa. Kar ka sayi komai tukuna. Wannan ƙas-ƙas ɗin rila ce ke ƙara, wato makunnin da ke tsakanin batir da sitata, tana son ta tura wa sitata wuta amma wutar ba ta kai ba, kuma tunda fitila na dusashewa na fi zargin batirin ya sauka. Abin tambaya shi ne me ke saukar da sabon batir. Ka je wurin rewaya mai mita, ba mai gwada waya da tartsatsi ba. Mashin a kashe, batir mai lafiya zai nuna wajen volt 12.6, in ka danna sitata bai kamata ya faɗo ƙasa da 10 ba. Sai a tada shi a ɗan ja totur, ya kamata ka ga 13.5 zuwa 14.5. In ya tsaya a 12 da ɗoriya to mashin ɗinka ba ya caji, matsalar ko daga rektifaya mai daidaita wutar da ke shiga batir, ko kwayil mai samar da wutar, kuma ko batir nawa ka ɗaura haka zai shanye su ɗaya bayan ɗaya. Abin na ci min rai wallahi, talaka ya yi ta zuba kuɗi a batir alhali gwajin nan ko minti biyar ba ya kaiwa.

Baban Khalifa, Kawo:
Malam kafin ma mita ka duba kan batirin. In ka ga farin gari ya taru ko noti ya saki, kwance ka goge da sanfefa. Baƙar waya ake fara cirewa, wajen mayarwa kuma ja ce farko, kar sifana ta taɓa bodi ta yi tartsatsi. Ka duba wayar da aka ɗaure a jikin inji ma, damina na sa ta tsatsa.

Abba Malali:
Oga Rewaya ni fa ban cire sitatar daga zargi ba. Nawa haka ya yi min, ashe kabon ne, ɗan gawayin nan da ke cikin sitata, ya cinye, in aka ɗan ƙwanƙwasa jikinta da sifana ana dannawa sai ta ɗauka. Kabon kawai aka canza ba duka ba.

Rewaya T/Wada:
Gaskiya ne Abba, yana faruwa, amma in kabon ne ya cinye yawanci fitila ba ta dusashewa haka, ƙas ɗaya za ka ji shi ke nan. A sa mashin a firi, a haɗa manyan notinan rila guda biyu da sukundireba, in sitata ta juya da ƙarfi to lafiyarta ƙalau. Kuma a daina danne ta fiye da sakan biyar, zafi take yi.

Ɗan Rigasa:
Na gode sosai Allah ya saka da alheri. An gwada ɗazu, yana kunne ana jan totur 12.1 yake nunawa ba ya motsi. Da aka jona wani batir mai caji sitatar ta juya garau. In sayi rektifaya ke nan Oga?

Rewaya T/Wada:
Ameen. A fara duba soket ɗinta ko ya narke, a kuma gwada wutar da ke fitowa daga kwayil, in tana zuwa daidai sai ka sayi rektifayar, ka tafi da tsohuwar don a ba ka mai baki iri ɗaya. Batirin kuma ka kai shi caji yau ɗin nan, a ƙaramar wuta, zama a sauke ne ke kashe shi.