Rufin kankare mai rawani: me ke sa shi yoyo, kuma a wane mataki ake tare matsalar?

Sabon_Magini:
Assalamu alaikum injiniyoyi da masu zanen gini. Salon da ake yayi yanzu shi ne rufin shimfiɗaɗɗen kankare, an kewaye shi da rawani, wato gajeren bangon da ke bakin rufi, ba a ganin kwano ko indararo daga waje. Kyan gani kam akwai shi. Sai dai da yawa cikin irin waɗannan gidaje ba sa cin damina biyu sai tabon ruwa ya fito a silin, fenti yana kumbura, musamman ta kusurwoyi. Laifin zane ne, ko na kwaɓi, ko na abin da ake shafawa? Sinadarin hana ruwa da ake zubawa cikin kwaɓi ya isa shi kaɗai? A ɗauki misalin dekin, wato shimfiɗar kankaren rufin, mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, kaurin santimita 15.

Injiniya_Tsari:
Wa alaikumus salam Malam. Yawancin yoyon tun a takarda yake farawa. Matsalar ma ta daɗe: Villa Savoye da Le Corbusier ya zana a Poissy kusa da Faris, aka gama shi a 1931, yana cikin gidajen da suka yaɗa wannan salo a duniya, kuma masu gidan sun sha kokawa da yoyonsa.

Rufin da ake kira shimfiɗaɗɗe dole ya zama yana da gangara. Mafi ƙarancin abin da ake so a samu bayan an gama aiki shi ne 1:80, wato milimita 12.5 a kowace mita. Amma a zane 1:40 ake sawa, milimita 25 a kowace mita. Dalili kuwa dekin yana lotsawa a tsakiya bayan an cire katako, kuma yana ci gaba da lotsawa a hankali tsawon shekaru. Ƙa'ida ta yarda da lotsawar da ta kai kashi ɗaya cikin 250 na tazarar da ke tsakanin bim da bim, wato dogayen kankaren da dekin ke zaune a kansu. A tazarar mita 5 milimita 20 ke nan. Ka ga wanda ya zana 1:80 daidai wa daida, lotsawa da ɗan kuskuren hannun magini sun cinye masa gangarar, tsakiyar rufin ta zama kududdufi. Ruwa mai zurfin santimita 10 kuwa nauyinsa kilo 100 ne a kowace murabba'in mita, sai ya ƙara lotsa wurin.

Sai mafitar ruwa. A rufinka mai murabba'in mita 100, idan ruwan sama ya sauka milimita 75 cikin awa ɗaya, lita 7,500 ke nan, kusan lita 2 a kowace daƙiƙa. Bututu ɗaya mai milimita 100 zai iya ɗauka, amma kada a dogara da ɗaya, don ganye ko leda guda ta isa ta toshe shi. A sa biyu a wurare mafi ƙasa, kowanne da ragar tace shara a bakinsa. A kuma huda rawani a sa indararon ko-ta-kwana kamar milimita 50 sama da bakin bututun, yana zubarwa a fili inda ido zai gani. Ranar da ya fara zuba, an san bututu ya toshe.

Mai_Kankare:
Injiniya ya gama magana a kan zane. Ni zan tsaya a kan tambayar sinadari: bai isa ba. Yana rage ƙananan kofofin da ke cikin kankare, amma ruwa ta tsaga yake bi, da wurin da kwaɓi bai cika ba, da mahaɗar tsohon zubi da sabo.

Babban abin da ke lalata dekin yawan ruwa ne a kwaɓi. Buhun siminti mai kilo 50 kada ya sha fiye da lita 25, har da danshin da ke cikin yashi. Lita 22 zuwa 23 ya fi. Ma'aikata suna son kwaɓi ruwa-ruwa don ya fi sauƙin shimfiɗawa, amma duk ruwan da ya wuce buƙata idan ya bushe hanyoyi yake bari a ciki, kuma kankaren ya fi tsukewa ya tsage. In ana son laushi a sa sinadarin sassauta kwaɓi. Kwaɓin 1:2:4, wato awon siminti, yashi da tsakuwa, ya yi rauni ga rufin da ke shan rana da ruwa, a koma 1:1.5:3 ko a sa a tsara kwaɓi mai ƙarfin 25 a ma'aunin ƙarfin kankare.

Kankaren da ke lulluɓe rodi ya kai kaurin aƙalla milimita 25, ya fi haka idan kusa da teku ne. A ɗaga shi da 'yan dunƙulen siminti da aka yi don haka, kada a tura masa gutsuren bulo ko katako. Rodin da danshi ya taɓa tsatsa yake yi, tsatsa kuma ta ninka girman ƙarfen da ta ci sau da yawa, sai ta ɓanɓare kankaren ta ƙasa. Rodin sama da ke kan bim shi ake yawan tattakewa lokacin zubi, ya sauka tsakiya inda ba ya aikin komai, daga baya tsaga ta bi layin bim ɗin sak. A sa masa kujerun ƙarfe, a shimfiɗa katako masu baro su bi ta kai.

A girgiza kwaɓin da inji, daƙiƙa 5 zuwa 15 a kowane wuri. A zuba gaba ɗaya a rana guda in zai yiwu. Da an gama shafe saman a rufe shi, domin a rana mai zafi da iska tsagar farko tana fitowa tun cikin 'yan awanni, kafin kankaren ya kama. Ban-ruwa kwana 7 a ƙalla, 14 ya fi, kuma jiƙewa ake so ba yayyafin safe da yamma ba: buhunan algarara jiƙaƙƙu, ko a yi 'yar madatsa a tara ruwa a kai. Tokaran ƙasa kuwa kada a cire kafin kwana 14 idan tazarar ta wuce mita 4.5.

Sabon_Magini:
Allah ya saka da alheri. To idan duk an kiyaye wannan, me ya sa kusurwar rawani ce ke fara jiƙewa?

Hajiya_Mai_Zane:
Saboda nan ne abu biyu masu motsi daban suka haɗu, ɗan'uwa. Kankare yana miƙewa kusan milimita 0.01 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Dekin mai mita 10 da zafinsa ya sauya da digiri 30 tsakanin rana da dare zai motsa kusan milimita 3. Bulon rawani ba ya bin sa daidai, sai siririyar tsaga ta buɗe a gindinsa, daidai inda ruwa yake taruwa. Shi ya sa ya fi kyau a zuba gindin rawanin da kankare tare da dekin, tsayin santimita 15 zuwa 20, sannan a ɗora bulo.

Shimfiɗar hana ruwa kuma a bi ta a jere. A bar kankare ya kai kwana 28, a gwada bushewarsa: a manna leda mai santimita 45 kowane gefe, a liƙe bakinta, a bar ta awa 16. In an ga raɓa a ƙarƙashi a ƙara jira, don danshin da aka rufe shi ne ke zama tururi ya kumbura shimfiɗar. A yi daɓen gangara, a cike kusurwar da dekin ya haɗu da rawani da siminti kamar milimita 50, ta zama a karkace, don shimfiɗa ba ta jure lanƙwasa mai kaifi. A shafa share-fagen kwalta, a manna shimfiɗar kwalta mai kaurin milimita 4 da wuta, a fara daga ƙasan gangara. Gefe ya hau kan gefe milimita 100, ƙarshe da ƙarshe 150. Ta haura jikin rawani aƙalla milimita 150 sama da inda saman rufin zai tsaya, a cusa bakinta cikin tsagi a toshe. Bakin da aka bari a liƙe kawai rana za ta saki shi, ruwa ya bi ta bayansa.

Saman rawanin a ɗora masa hula mai gangarowa ciki, ta fito kamar milimita 40 kowane gefe, da tsagi a ƙarƙashinta mai yanke ɗigon ruwa. Wannan hula ake yawan cirewa don a samu layi siriri mai kyan gani, kuma rashinta ne ke jiƙa bango tun daga sama.

Injiniya_Tsari:
Haka ne Hajiya. A ƙara da gwaji kafin a rufe komai: a toshe bututu, a tara ruwa milimita 50 na awa 24 zuwa 48, a duba ta ƙasa. Bayan nan a kare shimfiɗar daga rana da tsakuwa mai kaurin milimita 50 ko tayil. Tankin ruwa, ƙafafun sola da na na'urar sanyaya ɗaki duk a yi musu dakali tun a zane, don kada mai haɗa su ya zo daga baya ya huda shimfiɗar da ƙusa.