Neman shawara: matuƙin jirgi ne ni, an same ni da kansar furostat

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don Allah a sakaya sunana. Shekaruna 53, kyaftin ne ni a wani kamfanin jiragen fasinja. Gwajin jini ya nuna PSA ɗina (sinadarin da furostat ke fitarwa, ana auna shi a jini) ya kai 9, aka yi hoton MRI, aka ciri tsoka aka auna. Sakamako ya fito: kansar furostat (gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza), Gleason 3+4 (ma'aunin tsananin kansar), amma likita ya ce ba ta bazu ba. Ya ba ni zaɓi tsakanin tiyata da gashi da na'ura (radiotherapy, wato ƙona kansar da haske). Jikina garau nake jin sa, takardar lafiyata ta tuƙi saura mata wata huɗu, ga jigilar alhazai ta matso, kuma da ita nake biyan kuɗin makarantar yara. Zuciyata na raya mini in yi shiru sai an gama jigilar. Ko uwargida ban faɗa wa ba. Me kuka gani?

Kyaftin mai ritaya: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba da lafiya, Ya sa kaffara ne. Ƙanena, maganar shiru ka cire ta daga ranka. Ka fi ni sanin doka: da zarar lafiyar matuƙi ta canza, wajibi ne ya sanar da likitan jirgi, wato wanda NCAA (hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya) ta amince wa, ba sai ranar sabunta takarda ba. Cutar za ta iya zaunar da kai na watanni. Ɓoyewa kuwa, in ta fito fili, lasisin ne gaba ɗaya, kuma kamfanin inshora ya sami hujjar hana ka haƙƙinka. Duba takardar ɗaukarka aiki yau, ko kana da inshorar rasa lasisi. A ƙa'idar ICAO (hukumar sufurin jiragen sama ta duniya) sai shekara 65 ake sauka daga jigilar ƙasa da ƙasa. Shekara 12 ke gabanka, za ka sayar da su kan jigila ɗaya?

Likitan mafitsara: Kyaftin, sannu. Gleason 3+4 da ba ta fita daga furostat ba matsakaiciya ce, kuma ana warkewa sosai. Ba tsere take yi ba. 'Yan makonnin da za ka ɗauka kana tunani ba za su cutar da kai ba. Ka ga likitan tiyata, ka kuma ga na gashi, don kowa nasa ya fi sani.

Ta fuskar aikinka, ga bambancin. Bayan tiyata PSA kan faɗi ƙasa da 0.1 cikin mako shida zuwa takwas, hujja ce bayyananna da za ka kai wa likitan jirgi. Matsalar tiyatar ita ce ɗigar fitsari, wadda takan ragu da motsa tsokar mara, da kuma raunin mazakuta. Gashi babu yanka, amma PSA a hankali yake sauka, kuma akan haɗa shi da allurar rage sinadarin maza irin Zoladex, mai kawo kasala da zufa da sauyin hali. Mutum mai tashin asuba da saukar tsakar dare dole ya auna wannan. Ko tamsulosin (maganin sauƙaƙa fitsari) aka rubuta maka, ka faɗa wa likitan jirgi, yana sa jiri. Duk da haka ka zaɓi abin da zai kashe cutar, lasisi ya biyo baya. In kana da ƙanne maza, su fara gwajin PSA daga shekara 45. Cutar ta fi kama baƙar fata, kuma tana bin jini.

Wani memba: Yallabai ka gwada habbatus sauda da zuma tukuna, kafin a taɓa ka da wuƙa.

Likitan mafitsara: Malam, ya sha zumarsa, ba laifi. Amma ba ta sauke Gleason. Masu zuwar mana bayan cutar ta shiga ƙashi, da yawa haka suka fara.

Wata Hajiya: Ni batun uwargida ne ya tsaya mini a rai. Maigidana ya yi wannan tiyatar, ni na yi jinyarsa da robar fitsari a jikinsa. Yallabai, abin da likita ya ambata na shimfiɗa ai ya shafe ta, yaya za a yanke shawara ba da ita ba? Ka tafi da ita asibiti, ta ji da kunnenta.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na kira likitan jirgi, ya ce in kawo sakamakon tsokar da hoton MRI ranar Litinin. Dakta, in na zaɓi tiyata, zan iya koyar da yara a na'urar kwaikwayon tuƙi kafin a mayar mini da takarda?

Kyaftin mai ritaya: Wannan tambayar tawa ce, ba ta Dakta ba. Koyarwa a ƙasa ba tashi ba ce. Ka tuntuɓi shugaban sashen horarwa na kamfaninku tun kafin a sa ranar tiyatar.