Me ya sa mai arha bai kayar da babba ba?

Mai lema, Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara shida ke nan ina ƙarƙashin lema a Aboabo, nan Kumasi ta ƙasar Ghana, ina sayar da kati, ina cire wa mutane kuɗi ta waya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ƙananan kamfanoni kan fito da garaɓasar data, mutum ya sayi layinsu da murna, amma ranar da zai aika wa tsohuwarsa kuɗi Bawku sai ka ga ya zaro layin MTN. Mu dai a kasuwa mun san mai sassauta farashi shi ke jan ciniki. To me ya hana a nan?

Malamin makaranta, Asawase:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ai amsar tana saman kanka, lemar nan taka. MTN ta fara MoMo, wato aika kuɗi ta waya, a Ghana a 2009, lokacin da yawancinmu direban mota muke damƙa wa kuɗi a ambulan ya kai arewa. Ta baza wakilai irinka har ƙauyuka, ta kafa turakun sadarwa inda wasu suka ga ba riba. Shi layi kuwa, darajarsa yawan masu riƙe da irinsa. Tsohuwar da ke Bawku ba ruwanta da arhar data, tambayarta ita ce ina za ta cire kuɗin. Kowane sabon wakili na jawo masu layi, su kuma su jawo wani wakilin.

Dubi abin da ya tilasta wa sauran. Airtel da Tigo suka haɗe a 2017 don su yi ƙarfi, duk da haka gwamnati ce ta karɓi kamfanin a 2021, yanzu ana ce masa AT. Vodafone kuma ta sayar wa Telecel kashi 70 cikin ɗari da take da shi a kamfaninta na Ghana a 2023, ta tattara.

Hajiya mai atamfa, Kejetia:
Malam ka yi gaskiya, amma ka manta sabo. Tun 2011 aka ba mutum damar ƙaura zuwa wani kamfani da lambarsa, tun 2018 kuma kuɗi na tsallakawa daga wannan layi zuwa wancan. A layinmu na masu atamfa ban ga wadda ta motsa ba. Ni kaina lambar da masu sarina suka sani ba zan taɓa ta ba, ko kyauta aka ce.

Malamin makaranta, Asawase:
Hajiya, shi ya sa hukuma ta sa hannu. A 2020 NCA, hukumar kula da sadarwa ta Ghana, ta ayyana MTN a matsayin mai rinjaye a kasuwa. Cikin sharuɗɗan har da daidaita kuɗin kira, kada kiran ɗan gida ya fi kiran wani layi arha, don da wannan ne babba ke tsare mutanensa. Girman da dabararta ta ba ta shi ya jawo mata takunkumi, dole ta sake lissafin farashi. Ko hakan ya wadatar? Ni ina shakka, don doka ba ta kafa wa ƙarami turke ko ɗaya.

Mai lema, Aboabo:
Na gode Malam, na gode Hajiya. Ashe shi ya sa kuɗin da na zuba a ɗaya layin ke kwana uku ba a taɓa ba. Gobe zan kwashe rabi in mayar inda ake nema.