Don Allah mi za mu kira gulutin da Hausa?

Wata uwa daga Birnin Kebbi:
Salamu alaikum jama'a. Masu Hausa a baki ku taimaka man da kalma guda, gulutin. Ɗiyata ce mai shekara 6 ta kusa shekara guda tana fama da ciki, kumburi, zawo mai maiƙo da wari, ga ta tana ci amma ba ta ƙiba, kullum a gajiye, an yi maganin tsutsa an yi na taifot an sha jiƙo na basir har na gaji. Ni kaina da ƙanena in muka ci burodi ko taliya ciki sai ya kama ƙugi. Yanzu likita ya ce yana zargin gulutin ne, a je gwajin jini. To matsalar kakarta ce, uwar maigidana, ita ke ba ta shayi da burodi kullum da safe, na ce Inna an ce gulutin ne ta ce wane aljani ne kuma wannan. Na ce abin cikin alkama yake, ta ce alkamar da muke alkaki da ita tun kaka da kakanni? Ina son sunan da tsohuwa za ta ji ta gane.

Malamin Hausa, Gusau:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah shi ba ta lafiya. Ni dai danƙon alkama zan ce. Ita kanta kalmar asalinta daga Latin take, ma'anarta gam, abin liƙe abu, kin ga ba mu yi nisa ba. Kuma za ki iya nuna ma Inna shi da idonta. Ki kwaɓa fulawa da ruwa ta yi tauri, ki bar ta ta ɗan huta, sai ki riƙa wanke kwaɓin cikin roba kamar mai wanke tsumma, farin sitati zai ta fita, abin da zai rage a hannunki wani curi ne mai jawuwa kamar cingam. Shi ne shi.

Wani matashi, Kaura Namoda:
Malam me zai hana yauƙin alkama?

Malamin Hausa:
A'a ɗana, yauƙi na kuɓewa ne da kuka da lalo, yana sulɓewa ne. Danƙo ka ja shi ya koma. In ka ce ma tsohuwa yauƙi gobe sai ta hana yarinya miyar kuka ta ci gaba da ba ta burodi.

Mai gidan burodi, Jega:
Wallahi Malam ya yi daidai, mu dama haka muke faɗi a wurin aiki, fulawar nan tana da danƙo, waccan ba ta da shi. Shi ne ke riƙe iskar yis kwaɓi ya tashi, shi ya sa duk yadda ka so ka yi burodi da zallar garin dawa ko gero ba zai kumbura ba sai dai ya fito kamar bulo. Amma fa Hajiya kar a kashe mana kasuwa, ba kowa yake yi ma illa ba.

Wata daga Yawuri:
Ni ina da ja kaɗan. Sakwara ma ai cewa muke ta yi danƙo, haka tuwon rogo, kuma su ba ruwansu da gulutin. In kalmar ta bazu mutane za su yanke ta su ce danƙo kawai, sai a wayi gari ana gudun doya. Sannan na ji sha'ir ma yana da shi, to ya za a yi da alkama da ke cikin sunan?

Malamin Hausa:
Yaya wannan ja naki mai ƙarfi ne. Sharaɗin kenan, ba a raba kalmar biyu. Batun sha'ir kuma, mu nan wa ke tuwonsa? Ya fi zuwa cikin lemun malt da sauran kayan da aka sa ma malt, wannan kuma a duba jikin gwangwani. Ai man gyaɗa muke cewa ko da na waken suya ne a cikin jarkar, kuma ba wanda ya ɓata.

Ma'aikaciyar jinya, Talata Mafara:
Ku yi haƙuri in shigo, don ni ba sunan abin ke damuna ba, sunan ciwon ne, abu uku ne daban mutane ke cakuɗawa. Na farko siliyak, wannan garkuwar jiki ce da kanta ke afka ma ƙaramin hanji duk sanda danƙon ya shiga, ta cinye 'yan gezar nan da ke tsotse amfanin abinci, shi ya sa yaro ke ci bai girma, jini ya yi ƙasa. Ana ƙiyasin kusan mutum 1 cikin 100 a duniya, kuma yana bin jini, in wani yana da shi to iyaye da 'ya'ya da 'yan uwa ciki ɗaya kusan 1 cikin 10 ke samunsa, don haka Anti ke da ƙanenki ma ku je. Na biyu borin jini, shi nan take yake, ƙaiƙayi, kumburin baki, wani har numfashi ya sarƙe. Na uku shi ne ciki dai bai jituwa da alkama amma gwaji bai nuna hanji ya ci ba.
Kuma don Allah Anti KAR ki janye mata burodi kafin gwajin. Jinin yana nuna abin ne in tana ci, in kika daina yanzu sakamako zai iya fitowa lafiya lau alhali ba lafiya ba. Ki bar Inna da shayinta tukun.
Masu cewa ciwon Turawa ne, e a can aka gano dalilinsa, wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya lura lokacin yunwar 1944 zuwa 1945 da burodi ya yanke yaran da ke kwance suka murmure, da ya dawo suka koma. Amma Sahrawi mutanen Yammacin Sahara suna cikin waɗanda ciwon ya fi yawa a duniya, kuma a Afirka suke.

Matashin Kaura:
To Anti nas siliyak ɗin fa mi za a ce mai?

Ma'aikaciyar jinya:
Ni da marasa lafiya ciwon hanjin alkama nake cewa kuma suna ganewa, amma a takarda a bar siliyak don kar a je asibitin wani gari a rasa mi ake nufi. Na ukun rashin jituwa da alkama ya ishe shi.

Malamin Hausa:
Na karɓa. Danƙon alkama, ciwon hanjin alkama, borin jini dama namu ne.

Uwar daga Birnin Kebbi:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Na yi wankin fulawar nan gaban Inna da la'asar, ta ja curin ta sake shi ta ja, ta ce ashe roba muke ci. An ba mu ranar gwaji. In ta tabbata ai mu a Kebbi ba ma kukan abinci, ga shinkafa ga gero ga dawa ga masara, tuwo da fura da kunu duk ba komi. Abin da ya ɗaga man hankali semo, ashe shi ma alkama ne, da finkaso da gurasa da cincin da fanke, sannan ɗan wake da masa na saye yanzu wasu fulawa suke ƙarawa.

Ma'aikaciyar jinya:
Da injin niƙa Anti. In an niƙa alkama kafin naki sauran gari na maƙale a ciki, kuma mai siliyak ɗan kaɗan ma ya ishe shi. Ki samu mai injin unguwarku ki tambaye shi ko yana karɓar alkama, in yana karɓa ki canza wuri ko ku koma turmi.