Mai raba wasiƙu ya koma ɗan sandan ciki, wa ke da irinsa?

Ɗan Fagge: Slm jama'a. Jiya na gama wani littafin Turanci da na ara, labarin mai raba wasiƙu ne a wani ƙauyen Ingila, ya lura kwana uku wata tsohuwa ba ta kwashe wasiƙunta ba, shi kenan fa ya naɗa kansa mai bincike, ga shi da tsoron kare ga kekensa kullum cen na zamewa, wlh dariya na dinga yi har maman yara ta leƙo ko lafiya. Don Allah wa ke da irinsa? A yi kisan amma ban da zubar da jini barkatai.

Uwar Biyu: Ƙanena nemi na Miss Marple, Agatha Christie ce ta rubuta, na farkon ya fito 1930. Tsohuwa ce tana zaune tana saƙa, 'yan sanda na raina ta, ita kuwa gulmar ƙauyensu St Mary Mead kaɗai ta ishe ta kamo mai laifi.

Malamin Zariya: In dariya kake so ka haɗa da na Mma Ramotswe, Alexander McCall Smith ne ya rubuta, na farkon ya fito 1998, labarin a Gaborone ta Botswana yake. Shanun da babanta ya bar mata aka sayar ta buɗe ofishin bincike, yawancin shari'unta ma mazajen da suka ɓata ne da 'yan damfara.

Autan Gida: Ni abin da ban gane ba, me mai wasiƙa zai sani? Mu nan akwati muke da shi a gidan waya, Baba ke riƙe makullin.

Malamin Zariya: Can ƙofa-ƙofa ake bi Auta, kowace ƙofa da 'yar kafar da ake zura wasiƙa. Ya san wanda banki ke bi bashi, ya san wadda kotu ta aiko wa takarda, amma shi ba mai ɗaga kai ya kalle shi. Marubuci Chesterton ya yi wasa da wannan a wani gajeren labarin Father Brown, wani limamin coci mai bincike, na 1911, mutum huɗu suna gadin ƙofa duk suka rantse ba wanda ya shiga, ga kuma sawu a kan dusar ƙanƙara, ashe mai wasiƙar ne ya yi kisan ya fito da gawar cikin jakarsa.

Ɗan Fagge: Haba Malam!! Ka gama ba ni labarin ai, me ya rage in karanta 😭

Malamin Zariya: Afuwan, baki ne ya suɓuce. Akwai sauran labarai 11 a littafin da wannan yake ciki, kuma kyauta yake a intanet.

Uwar Biyu: Hhh. Ni da marubutanmu za su ji tawa, dillaliya za su sa. Wane gida ne ba ta shiga har uwar ɗaka? Ta san wadda ta sayar da sarƙarta a ɓoye da ranar da ta sayar.

Autan Gida: Ko ɗan garuwa Anti.

Uwar Biyu: Shi iyakarsa bakin randa. Ɗan Fagge in ka gama da na mai wasiƙar ni ce a layi.

Ɗan Fagge: Na aro ne Anti, sai na tambayi mai shi.