Roba ko rezin? Yadda gardama ta kaya a zauren masu gungumen biro na Katsina

Kafinta Ƙofar Marusa: Salamu alaikum. 'Yan'uwa, a yi wa Allah a daina ha'inci. Wani a garin nan yana sayar da gungumen biro, wato guntun itacen da ake sassaƙa jikin biro da shi, wai "jiƙaƙƙe", alhali roba kawai ya kwarara a bayan itacen. A raba gungumen biyu a gani: ciki fari fat, busasshe, bakin huda na shiga sai ya tsage. Jiƙaƙƙe shi ne wanda aka busar a murhun lantarki kwana guda, aka nutsa a ruwan jiƙo, mai shiga cikin itace ya taurara shi, cikin tukunyar zuƙe iska har kumfa ta ɗauke, aka bar shi ya sha, sannan aka gasa a wajen digiri 90 na Celsius. Wanda bai bi ta nan ba zubi ne, a kira shi zubi.

Baban Khadija: Wa alaikumus salam. Malam, roba fa ka ce? Roba ita ce bokiti da silifa. Wannan rezin sunansa.

Kafinta Ƙofar Marusa: Alhaji, ba sunan nake magana ba.

Baban Khadija: Ai daga sunan ɓarnar take farawa. Wanda ya ce roba ya haɗa abu uku a kwano ɗaya. Akwai foliyesta, mai warin da ke hawa kai, ana ɗiga masa maganin daskarewa kaɗan, yana tsukewa idan ya bushe, shi ya sa yake sakin itace. Akwai ifokzi, kashi biyu ne ake haɗawa, wani 2 da 1, wani 1 da 1, yana kama itace sosai amma sai ya kwana kafin a taɓa shi. Akwai foliyuritan, mai daskarewa cikin mintoci, wanda ko ɗan danshi ya ji sai ya yi kumfa fari kamar sabulu. Mai saye ya ji "roba", ta ina zai san wanne aka ba shi?

Ɗan Kusugu: Mu a Daura ƙaro muke cewa, kuma shi ne Hausa. Rezin ɗin Turanci ne aka sa wa hula.

Mai Injin Juyi: Ƙaro na jikin bagaruwa da dakwara, ruwa na narkar da shi. Sa ifokzi a ruwa shekara ka ga ko zai narke.

Ɗan Kusugu: To biro ɗin da kake faɗa Hausa ce? Ku Katsinawa komai sai kun nuna kun fi kowa boko.

Baban Khadija: A bar Daura ta huta, yallaɓai.

Hajiya Mai Zubi: Ku bar suna ku dubi tukwanen, nan ne ake ruɗewa. Ta zuƙe iska ta jiƙo ce. Ta matsin iska ta zubi ce, ana kai ta 40 zuwa 60 psi (ma'aunin matsin iska), kuma ba fitar da kumfa take yi ba, matse ta take har ido ya daina gani, shi ya sa ba a sakin iskar sai zubin ya daskare. Kuma yanzu damina, itacen da ya kwana a shago ya sha danshi, a mayar da shi murhu kafin a zuba.

Kafinta Ƙofar Marusa: Madalla Hajiya, abin da nake nufi ke nan. Gwajin ma sikeli ne: a auna kafin jiƙo, a auna bayan gashi. Itace mai laushi irin rimi nauyinsa kan ƙaru sosai.

Mai Injin Juyi: Rimi a biro? Ga kirya ga kanya, masu tauri da ba su ma buƙatar jiƙo, ruwan ba ya samun hanyar shiga. A yanka inci ¾ da ¾, tsawo inci 5, a huda da baki mai milimita 7, a goge bututun tagulla da samfefa kafin a manna, shi ke nan.

Ɗan Kusugu: Inci a sama, milimita a ƙasa. Ka tsaya wuri ɗaya mana, 19 da 19 da 127. Kuma madobiya ta fi su duka kyaun zane.

Hajiya Mai Zubi: Madobiya tana cikin jerin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa, ba a fitar da itacenta waje haka kawai. Mai niyyar kai ta ƙetare ya sani.

Ɗan Kusugu: Wa ya ce miki fita zan yi da ita?

Kafinta Ƙofar Marusa: Jama'a, maganar mai ha'incin fa?

Baban Khadija: Tunda ni ke riƙe da zauren, ga taƙaitawa. An yi ittifaƙi sunansa rezin, ba roba ba, ba ƙaro ba. An nuna ifokzi ya fi dacewa da itacenmu. Batun inci da milimita kowa ya bi abin awonsa. Na rufe.

Ɗan Kusugu: Ittifaƙin su wa? Ni dai ƙaro na ce, kuma ba wanda ya ce ifokzi ya fi.