Ciwon ɓarin kai ga ƙananan yara uku, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, da duk ma'aikacin lafiyar da zai ga wannan.

Tun ina budurwa nake fama da ciwon ɓarin kai, amma bayan haihuwata ta uku ya tsananta, yanzu sau huɗu yake zuwa a wata. Kafin ya sauka sai in riƙa ganin walƙiya a idona kamar minti 20, sannan gefen hagu ya ɗau bugawa, ga tashin zuciya har da amai. Ko ƙamshin turaren wuta ba na iya shaƙa. Ɗaki mai duhu da shiru ne kaɗai ke ba ni sauƙi, to ina zan samu shiru da ɗan shekara 4, 'yar shekara 2, da jaririya a nono? Babansu tun safe yake kasuwa, Ummata kuma tana nesa.

Ranar Talata ina kwance da jiƙaƙƙen tsumma a goshi, sai na ji 'yar tsakiyar ta nufi kicin, ruwa na kan wuta. Allah ya kiyaye, amma har yau gabana faɗuwa yake.

Farasitamol ba ya yi mini komai. A asibiti an ce yawan shan maganin ciwo shi kansa yana jawo ciwon kai, in kuma samu isasshen barci, alhali sau uku nake tashi shayarwa da dare.

Don Allah wane magani zan tambayi likita wanda mai shayarwa za ta iya sha? Ku masu irin ciwona, yaya kuke yi da yara a waɗannan awannin?